Tambayar "idan" a jarrabawar tunani: ina kuskuren yake?

Zainabu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin rubuta LSAT, jarrabawar da makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke nema, kuma akwai wani nau'in tambaya da ya hana ni sakat. Ga irin wadda na yi jiya, na canza kalmomin amma ginin haka yake:

"Duk ma'aikacin da ya kammala horon kare lafiya, ana ba shi katin shiga ɗakin gwaje-gwaje. Injiniyan da aka ɗauka makon jiya yana da katin shiga ɗakin. Ashe ke nan ya kammala horon."

Aka ce in nuna kuskuren wannan hujja. Sau huɗu na karanta, ban ga kuskure ba. Amsar da ke daidai ta ce wai hujjar ta ɗauki abin da ya wadatar ta mai da shi abin da ya zama dole. Na san ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma in an haɗa su sai kaina ya ƙulle. Don Allah wanda ya gane ya taimaka, domin minti 35 ake bayarwa ga tambayoyi 25 ko kusa da haka, babu lokacin karanta abu sau huɗu.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Zainabu, ajiye zaɓuɓɓukan amsa tukuna, ki koma jimlar farko. Me ta yi alkawari? Ta ce wanda ya gama horo zai samu kati. Shin ta ce wanda bai yi horo ba an hana shi? Ba ta faɗa ba. Ke ce kika ƙara wannan da kanki, kuma kusan kowa haka yake yi. Mai yiwuwa shugaban sashe yana da kati saboda muƙaminsa. Mai yiwuwa mai gyaran na'urori yana da shi. Mai yiwuwa sabon injiniyan an ba shi na wucin gadi kafin ya fara horon. Duk waɗannan za su iya faruwa ba tare da an karya dokar ba ko kaɗan.

Horo ƙofa ce da ke kaiwa ga kati. Ganin mutum a cikin ɗaki ba ya nuna ta wace ƙofa ya shigo, sai in an ce miki ƙofar ɗaya ce tak.

Zainabu: To na fara gani. Amma Malam, in haka ne me zan iya fitarwa daga jimlar? Kamar komai na faɗa za a ce ban da tabbas.

Malam Habibu: Abu biyu za ki iya fitarwa da cikakken tabbas, abu biyu kuma tarko ne. In aka ce miki mutum ya gama horo, kin tabbata yana da kati. In aka ce miki ba shi da kati, kin tabbata bai gama horo ba, domin da ya gama da an ba shi. Waɗannan biyun ba sa faɗuwa. Turawa suna kiransu da sunayen Latin, modus ponens da modus tollens, amma sunan ba shi zai ba ki maki ba.

Tarkon farko shi ne wanda kika faɗa ciki: yana da kati, saboda haka ya yi horo. An juya jimlar baya ta koma gaba. Tarko na biyu: bai yi horo ba, saboda haka ba shi da kati. Nan an kore ɓangarorin biyu ba tare da an juya su ba. In za ki juya, dole ki kore. In za ki kore, dole ki juya. Yin ɗaya a bar ɗaya shi ne kuskuren, kuma in kin lura tarkunan biyu abu ɗaya suke faɗa, dukansu sun ɗauka babu wata hanyar samun kati sai horo.

Aliyu: Malam, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Wannan ai wasa da kalmomi ne. Uba ya ce wa ɗansa, "Idan ka gama aikin makaranta zan bar ka ka fita wasa." Akwai yaron da zai ji haka ya ce, ai Baba bai ce in ban gama ba zai hana ni ba? Kowa ya san abin da uban ke nufi. Zainabu ta karanta jimlar yadda duk mai hankali zai karanta ta, sai jarrabawa ta ce ta yi kuskure. Ni a ganina masu tsara tambayar ne suka rabu da yadda mutane ke magana.

Malam Habibu: Aliyu, maganarka akwai ƙanshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Masana harshe sun daɗe da lura da wannan. A 1971 wasu biyu, Geis da Zwicky, sun rubuta cewa in mutum ya yi alkawari da "idan", mai sauraro yakan cika shi da kansa ya ji kamar an ce "sai idan". A bakin uba da ɗa haka ne, saboda yaron ya san uban, ya san dalilin maganar. Amma ka duba wannan: "Idan aka yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe." Ginin jimlar iri ɗaya ne da na uban. Za ka ce in ba a yi ruwa ba ƙasa ba za ta taɓa jiƙewa ba? Bututu na fashewa, kogi na ambaliya, mutum na iya zubar da ruwa. To ka ga ƙarin da ka ji a maganar uban daga sanin halin da ake ciki ya fito, kalmar "idan" ba ta ɗauke da shi. A jarrabawa ba ka san kamfanin ba, ba ka san mai maganar ba, abin da ke kan takarda kaɗai ke hannunka. Kuma lauya in ya karanta yarjejeniya ya ƙara mata abin da ba a rubuta ba, wanda yake karewa ne zai ji a jikinsa. Don haka suke gwada wannan.

Malam Tijjani: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki. Misalin ruwan sama da Malam Habibu ya kawo tsoho ne ƙwarai. Aristo, masanin falsafa na Girka, ya kawo shi tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, a littafinsa kan hujjojin yaudara, tare da misalin zazzaɓi: mai zazzaɓi jikinsa da zafi, amma ba duk mai zafin jiki ke da zazzaɓi ba. Malaman manɗiƙ na Musulmi, wato masana ilimin tsara hujja, sun gaji wannan suka tsara shi. Ɓangaren da ke bin "idan" suna ce masa muƙaddam, sakamakon kuma tali. Ƙa'idarsu ita ce tabbatar da muƙaddam yana haifar da tali, kore tali yana kore muƙaddam, sauran biyun kuwa ba sa haifar da komai. Misalin da suke bayarwa: idan wannan mutum ne, to mai rai ne. Ka ce mai rai ne, ba ka tabbatar mutum ba ne, doki ma mai rai ne.

Amma abin da nake ganin zai fi warware wa 'yata Zainabu matsala yana cikin usulul fiƙhi. A can an bayyana sharaɗi da cewa shi ne abin da rashinsa ke tilasta rashin abu, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwar abun. Alwala sharaɗi ce ga sallah. Babu alwala, sallah ba ta inganta. Amma ganin mutum da alwala ba ya nuna ya yi sallah, ba ya ma nuna in ya yi za ta inganta, domin akwai sauran sharuɗɗa. Wannan shi ne abin da jarrabawarki ke kira abin da ya zama dole. Kin daɗe da saninsa, sunan ne kawai ya zo miki da baƙon harshe.

Zainabu: Allah ya saka da alheri Baba Malam. Amma yanzu na gano wani abu da ke rikita ni. A nahawu ɓangaren da ke bin "idan" shi ake kira sharaɗi. A fiƙhu kuma, yadda ka bayyana, sharaɗi shi ne abin da ba makawa sai da shi. A misalin katin nan, abin da ke bin "idan" shi ne horo, kuma kun nuna min horo bai zama dole ba. Ke nan kalma ɗaya ce muke amfani da ita ga abu biyu masu kishiyantar juna?

Malam Tijjani: Kin taɓo inda ciwon yake. Haka ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe. Sharaɗin nahawu, wato abin da ke bin "idan", shi ne wanda in ya samu ya wadatar. Sharaɗin fiƙhu shi ne wanda in babu shi babu abun. Malaman usul ma sun bambance su, suka ce sharaɗin da ke cikin harshe ya fi kusa da sababi, wato abin da samuwarsa ke haifar da abun. In za ki saka alwala a jimlar "idan", a ɓangare na biyu za ta zauna: idan sallah ta inganta, to akwai tsarki. Ba za ki ce idan akwai tsarki to sallah ta inganta ba. Shawarata ki daina cewa sharaɗi kawai a zuciyarki. Ki riƙa cewa "wannan ya isa" ko "wannan dole ne". Abin da ya isa yana gaba, abin da ya zama dole yana baya.

Rabi'atu: Ina so in nuna wa Yaya Aliyu wani abu, domin ni ilimin halayyar ɗan Adam na karanta kuma wannan batu sananne ne a wurinmu. Ga gwaji, kowa ya amsa kafin ya karanta na wani. Kati huɗu ne a kan tebur. Kowanne yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Abin da kuke gani shi ne E, K, 4, 7. Doka ta ce: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to a ɗaya fuskar akwai lambar da ke rabuwa biyu daidai. Waɗanne katuna ne dole a juya don a san ko an karya dokar? Kada a juya wanda ba a buƙata.

Usman: E da 4. E don a ga ko akwai lamba mai rabuwa biyu a bayansa, 4 don a ga ko akwai wasali.

Aliyu: Ni ma E da 4.

Zainabu: Na kusa cewa 4, sai na tuna injiniyan nan da katinsa. Lambar 4 tana ɓangaren baya. In na juya na ga wasali, doka ta tsaya. In na ga baƙi, doka ba ta karye ba, domin ba ta ce wasali ne kaɗai ke da irin wannan lamba ba. Ke nan juya 4 ba ya gaya min komai. Amma 7, in na juya na ga wasali, shi ke nan doka ta karye. Amsata E da 7.

Rabi'atu: Zainabu ta samu. Wannan gwajin Peter Wason ne, masanin Ingila, ya fitar da shi a 1966, kuma a gwaje-gwajen farko waɗanda suka amsa daidai ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali ɗaliban jami'a ne. Galibi E da 4 suke zaɓa, ko E shi kaɗai. To yanzu ga wani. Doka ta ce duk wanda ke tuƙa mota dole ya kai shekara 18. Mutum huɗu ne: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tafiya a ƙasa, ɗaya shekararsa 40, ɗaya shekararsa 15. Wa za ku bincika?

Usman: Mai tuƙin, a tambaye shi shekarunsa. Sai ɗan shekara 15, a ga ko yana tuƙi. Ɗan shekara 40 ba ruwan kowa da shi... Kai, ashe tambaya ɗaya ce da ta farko. Ɗan shekara 40 shi ne lambar 4. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne, kullum da irin wannan jimla nake aiki, amma na katunan ya wuce ni.

Rabi'atu: Haka aka samu a 1982, lokacin da Griggs da Cox suka maimaita gwajin da dokar shekarun shan barasa a Amurka maimakon haruffa. Mafi yawan mutane suka amsa daidai. Ƙwaƙwalwa ta iya aikin in ana neman wanda ya karya doka, in kuwa batun baƙo ne sai ta bi abin da ido ya gani an ambata. Amfanin wannan ga mai jarrabawa shi ne, in jimla ta yi miki duhu, ki mai da ita doka ki tambayi kanki wane ne zai karya ta. Mutum ɗaya ne kawai ke karya "idan A to B", wanda yake da A amma ba shi da B.

Aliyu: Na yarda da na katunan, na faɗi. Amma har yanzu da sauran magana. Likita in ya ga zazzaɓi da ciwon kai da rawar sanyi sai ya ce malariya ce. Wannan ba daga baya yake komawa gaba ba? In tunanin nan kuskure ne, to duk aikin likita da na mai binciken laifi kuskure ne.

Rabi'atu: Yaya Aliyu, likitan kirki cewa yake yi wataƙila malariya ce, sannan ya aika a gwada jini, domin ya san akwai wasu cututtuka masu irin waɗannan alamu, kamar taifot. Alama tana ƙara yiwuwar abu, wannan tunani ne mai kyau kuma da shi ake rayuwa. Matsalar tana zuwa ne in aka tsallaka daga "wataƙila" zuwa "tabbas". Ka koma tambayar Zainabu ka duba kalmar da aka rufe da ita: "ashe ke nan ya kammala". Da an ce mai yiwuwa ya kammala, da babu abin kamawa.

Malam Habibu: Wannan batu na Rabi'atu ki riƙe shi da kyau, Zainabu. Ki riƙa duba ƙarfin kalmar da aka rufe hujja da ita kafin komai. Aliyu, gardamarka ta amfane mu.

Aliyu: Na karɓi bambancin wataƙila da tabbas. Sai dai ina nan kan cewa a hirar yau da kullum mai karanta "idan" a matsayin "sai idan" sau da yawa shi ne ya fahimci mai magana. A takardar jarrabawa dai na sallama.

Zainabu: Na koma kan tambayar yau da safe, kuma ga wata sabuwar damuwa. Cikin zaɓuɓɓuka biyar, biyu sun yi kama sosai. Ɗaya ta ce hujjar ta ɗauki abin da ya isa a samu kati a matsayin abin da ya zama dole a samu kati. Ɗayar ta ce ta ɗauki abin da ya zama dole a samu kati a matsayin abin da ya isa. Ko da na gane kuskuren, a nan zan iya zubar da makin.

Malam Habibu: A nan ne masu tsara tambaya suka fi kama waɗanda suka haddace kalmomi. Kada ki tsaya kan "ya isa" da "dole" su kaɗai, ki tambaya: ya isa a samu me? Dole ne don me? Ki cire kalmomin gama-gari ki saka na labarin. Zaɓi na farko zai zama: horo ya isa a samu kati, amma hujjar ta yi kamar dole sai da horo ake samun kati. Haka ta yi? E, haka ta yi. Zaɓi na biyu zai zama: horo dole ne don samun kati, hujjar ta yi kamar ya isa. Shin labarin ya taɓa cewa horo dole ne? Bai ce ba. Wannan ta faɗi tun daga rabinta na farko.

Ki kula kuma, kuskure ɗaya ana iya bayyana shi ta fuska biyu. Da sun rubuta cewa kati abu ne da dole ya biyo bayan horo, amma hujjar ta ɗauke shi kamar ya isa ya tabbatar da horo, wannan ma daidai ne. Don haka wanda ya haddace cewa amsar juya jimla kullum tana farawa da kalma kaza zai sha wuya.

Usman: Malam, ina batun "only if" da "unless"? Su ne suka fi ba ni wahala a Turanci.

Malam Habibu: Hausa ta sauƙaƙa maka su da kalmar "sai". "Ba za ka shiga ba sai ka nuna kati." Abin da ke bin "sai" shi ne dole, don haka baya yake komawa: idan ka shiga, to ka nuna kati. Jimlar ba ta yi maka alkawarin shiga ba, kana iya nuna kati a ce an rufe ɗakin. Kalmomin Turancin nan biyu duk wannan aikin suke yi, abin da ya biyo bayansu dole ne. Haɗarin shi ne ido ya ga "if" a cikin "only if" ya ajiye abin a gaba. Da tambayar Zainabu ta ce ba a ba da kati sai ga wanda ya kammala horo, da hujjar ta tsaya daram, babu kuskure ko ɗaya. Kalma guda ce tsakanin hujja mai kyau da ruɓaɓɓiya.

Zainabu: Bari in gwada da wata da na samu yanzu. "Idan mai nema yana da digiri kuma yana da gogewar shekara 3, za a kira shi ganawa. Ba a kira wannan mai nema ganawa ba. Ke nan ba shi da digiri kuma ba shi da gogewa." Na duba, an juya kuma an kore, don haka ba ɗaya daga tarkunan biyu ba ne. Da farko na ce hujjar daidai ce. Sai na yi abin da Anti Rabi'atu ta ce, na nemi wanda zai karya dokar: mai digiri da gogewa duka biyu amma ba a kira shi ba. To mai digiri amma babu gogewa fa? Ba a kira shi ba, doka ba ta karye ba, kuma yana da digiri. Ke nan abin da na tabbatar kawai shi ne aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya rasa.

Malam Habibu: Daidai. In kin kore "da" sai ta koma "ko", in kin kore "ko" sai ta koma "da". Ana danganta ƙa'idar da Augustus De Morgan, masanin lissafi na ƙarni na 19. Ki gwada ta ɗaya fuskar: da dokar ta ce digiri ko gogewa, kowanne ya isa a kira mutum, kuma ba a kira shi ba, me za ki fitar?

Zainabu: A nan kam ba shi da ko ɗaya, domin da yana da ɗaya da an kira shi. Kuma in aka ce an kira shi, ban san komai ba game da digirinsa ko gogewarsa, wataƙila wani dalili ne daban ya sa aka kira shi. Zan yi tambayoyi 25 yau da dare da agogo a gabana, gobe in turo waɗanda suka kayar da ni.